Me Ya Sa Ƙoƙon Kwakwa Ya Riga Buntun Shinkafa Shiga Sufakafasita?

Da wuya a sami wani abin da manomi ke zubarwa wanda masana ba su ƙona shi a ɗakin gwaji ba. Ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tuƙar rake, buntun shinkafa, ɓawon ayaba, ƙwallon dabino, har da ganyen shayin da aka gama sha: kowanne an mayar da shi gawayi, an niƙa, an shafa a faifai, an auna cajin da yake riƙewa, an kuma buga sakamakon a mujalla tare da albishir cewa an samo hanya mai araha ta adana wutar lantarki. An yi shekara da shekaru ana wannan albishir. Amma in ka fasa sufakafasitar da ake sayarwa yau a kasuwa, mafi yawanci baƙin garin da za ka tarar a ciki daga abu ɗaya ya fito, wato ƙoƙon kwakwa. Shi ma fa sharar gona ne. To me ya taka da sauran ba su taka ba?

Kafin a je can, sai an san abin da ake magana a kai. Duk wanda fankar ɗakinsa ta taɓa yin sanyi, mai gyara ya ce masa kafasita ce ta mutu, ya san ƙaramar ƙanwar wannan na'ura. Kafasita faifai biyu ne masu ɗaukar lantarki, da wani abu siriri da ya raba su don kada su taɓa juna. Caji yana taruwa a fuskar faifan, ya zauna nan yana jiran a buɗe masa hanya. Batir ba haka yake ba. A cikin batir sinadarai ne ke sauya kama, wani ya narke wani ya haɗu, shi ya sa cajinsa ke ɗaukar awanni, shi ya sa kuma yake tsufa. Batir kamar rijiya ce, ruwa da yawa amma da guga ake ja. Kafasita kuwa bokiti ce, ruwanta kaɗan amma kana iya juye shi gaba ɗaya a lokaci guda, ka sake cikawa nan take.

Sufakafasita yunƙuri ne na mayar da bokitin nan ya zama randa. Dabarar ta samo asali daga abin da Bajamushen masani Hermann von Helmholtz ya bayyana tun 1853: in aka tsoma abu mai caji cikin ruwan gishiri, ƙwayoyin gishirin masu kishiyar caji, waɗanda ake kira ayon, za su yi sahu a jikinsa, tazarar da ke tsakaninsu da shi ba ta kai nanomita ɗaya ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙa'idar kafasita ita ce iya ƙanƙantar tazara da iya faɗin fuska, iya yawan cajin da za a tara. Tazara dai ta riga ta samu a banza. Saura faɗin fuska, kuma nan ne gawayi ya shigo. A 1957 wani injiniya na kamfanin General Electric mai suna Becker ya yi rajistar na'ura mai faifan gawayi mai ƙofofi, kamfanin mai na Standard Oil da ke Ohio ya gyara tsarin a shekarun 1960, sannan kamfanin NEC na Japan ya kai ta kasuwa a 1978 don ta riƙe wa kwamfuta bayanai idan wuta ta ɗauke.

Yau akwai wadda girmanta bai wuce gwangwanin lemo ba, nauyinta kusan rabin kilo, amma tana ɗaukar farad 3000, farad kuwa shi ne ma'aunin yawan cajin da kafasita ke iya riƙewa. Ta fanka ba ta wuce kashi biyu da rabi cikin miliyan na farad ɗaya ba, ko da yake ita tana jure bolt ɗaruruwa, wannan kuwa bolt 2.7 ne iyakarta. Kada lambar ta ruɗe ka. In aka yi lissafi, duk abin da ke cikin gwangwanin nan bai wuce wat-awa 3 ba (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da aka adana), alhali batirin wayar da ke hannunka yana da kamar 15. Batirin litiyam yana riƙe wat-awa 150 zuwa 250 a kowane kilo, sufakafasita kuwa 5 zuwa 10. Ga kuma yoyo: in ka caje ta ka ajiye, cikin 'yan kwanaki ko makonni ta zubar da kaso mai tsoka. Saboda haka masu fatan ta maye batirin sola na gida su hutar da ransu. Amfaninta na wurin da ake son ƙarfi mai yawa cikin daƙiƙu, sau dubbai. Tana jure caji da saukewa sau dubu ɗari biyar har zuwa miliyan. A birnin Shanghai tun 2006 akwai motocin bas da ke caji a tasha yayin da fasinja ke hawa da sauka. Ita ce ke juya fukafukan injin lantarki na iska su daina kamun iska idan wuta ta yanke ana guguwa, ita ce kuma ke buɗe ƙofofin gaggawa na jirgin Airbus A380.

Mu dawo kan gawayi. Gawayin da mai shayi ko mai tsire ke hurawa ba zai yi ba, domin kusan a toshe yake. Abin da ake so shi ne rarakakken gawayi, wanda cikinsa ya zama kamar gidan gara, rami cikin rami. Giram ɗaya na irin wanda kamfanin Kuraray na Japan ke yi da ƙoƙon kwakwa, mai suna YP-50F, in da za a shimfiɗa bangon ramukansa zai rufe murabba'in mita 1600 zuwa 1700. Giram huɗu ko biyar ke nan sun rufe filin ƙwallo.

Aikin hawa biyu ne. Hawa na farko masu gawayinmu sun san shi tun kaka da kakanni: a tara itace, a rufe da ƙasa, a bar wuta ta ci a hankali ba tare da iska ta wadace ta ba. A masana'anta tanderu ne rufaffe, ana hura masa iskar naitirojin don ta kori oksijin, a kai zafi digiri 400 zuwa 800. Ruwa ya fita, kwalta da hayaƙi su fita, a bar ƙashin kabon. Jikin tsiro abu uku ne galibi, selulos da hemiselulos da lignin. Biyun farko suna saurin tashi su bi iska, lignin ne ke daurewa ya bar gawayi mai yawa mai tauri. Maƙeran da suka fifita gawayin ƙirya a kan na sauran itatuwa sun gane wannan bambanci da hannunsu, ko da ba su san sunan lignin ba. Ƙoƙon kwakwa yana da tauri, yana da lignin da yawa, kilo 100 nasa kan ba da kamar kilo 30 na gawayi.

Hawa na biyu shi ne rarakewa, kuma a nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce turara gawayin da tururin ruwa ko iskar kabon dayoksaid a zafin digiri 800 zuwa 1000. Tururin yana gutsurar kabon kaɗan-kaɗan, ya mayar da shi iska, ya bar rami a gurbinsa. Rabin gawayin ko fiye yana tafiya a haka. Hanya ce mai tsafta, ba ta barin wani baƙon sinadari, kuma ita ake bi da ƙoƙon kwakwa.

Ta biyu ita ce wadda ɗakunan gwaji suka fi ƙauna: a cuɗa gawayin da sinadarin fotasiyam haidiroksaid, wanda ake taƙaitawa KOH, a kai shi digiri 700 zuwa 800. KOH yana cin kabon ta fuska da yawa. Yana ƙona shi, yana fitar da iskar da ita ma ke ƙara ci, sannan idan zafi ya kai wajen digiri 760 ƙarfen fotasiyam da kansa yana zama tururi, ya kutsa tsakanin shimfiɗun kabon ya buɗa su. Da an wanke, sai ramukan su tsaya a buɗe. Da wannan ana iya kai wa murabba'in mita 3000 a giram. Wani abin sha'awa shi ne ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga tokar karan gero ko dawa, su sa a miya ko su yi sabulu, ɗan'uwan wannan sinadari ne na jini. Abin da ke cikinsa fotasiyam kabonet ne, kuma shi ma ana raraka gawayi da shi, sai dai bai kai KOH zafin hannu ba.

To ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: KOH ba ya zaɓe. Ka ba shi kusan kowane tsiro, ka zuba masa kashi uku ko huɗu a kan kashi ɗaya na gawayi, zai ba ka faɗin fuska mai ban mamaki. Yawancin yabon da ake yi wa ɓawon kaza ko ganyen kaza, a gaskiya yabon KOH ne. Shi kuwa ba shara ba ne, saye ake yi. Yana cinye bangon tanderu, kuma bayan an gama sai an wanke garin da asid, a ɗauraye da ruwa mai yawa har ya daina kaifi, a kuma san inda za a kai ruwan wankin. Wanda ya ce maka kayan aikinsa kyauta ne saboda a bola ya tsinto su, ka tambaye shi kuɗin sinadari da na wutar da ta riƙe tanderu a digiri 800 na awanni. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Faɗin fuskar ma ba a nan gizo ke saƙar ba. Masana sun kasa ramukan gida uku: ƙanana da ba su kai nanomita 2 ba, matsakaita daga 2 zuwa 50, da manya da suka haura haka. Ƙananan su ne ɗakunan da ayon ke kwana, matsakaitan su ne lungunan da ke kai shi ɗakin, manyan kuma tituna. Gari mai ɗakuna ba lungu, shiga da fita za su yi wuya, caji ya yi nawa. Gari mai tituna zalla ba wurin kwana, fili ne aka ɓata. An daɗe ana zaton ramin da ya gaza nanomita ɗaya ba shi da amfani, saboda kowane ayon yana tafe ne lulluɓe da ƙwayoyin ruwan da yake ciki, kamar mai babbar riga a ƙuntatacciyar ƙofa. Sai a 2006 ƙungiyar Yury Gogotsi ta jami'ar Drexel a Amurka da Patrice Simon na Toulouse a Faransa suka nuna cewa ayon yana iya tuɓe wani sashe na rigar ya matsa ciki, kuma a irin waɗannan matsattsun ramuka cajin kan ƙaru maimakon ya ragu. Abin nufi, a dace girman rami da girman ayon. Yawan rami kawai ba ya isa.

Akwai kuma abin da tsiro ke zuwa da shi daga gona. Tsiro mai furotin, irin su dusar waken soya, yana barin naitirojin a jikin gawayinsa, wasu kuma suna barin oksijin. Waɗannan ƙwayoyi suna musayar lantarki da ruwan da ke cikin na'urar, su ƙara mata caji irin na batir. A 2006 masana a Orléans ta Faransa, ƙarƙashin François Béguin, sun ƙona wani sinadari da aka tatso daga ciyawar teku ba tare da sun raraka shi ba. Faɗin fuskarsa bai kai murabba'in mita 300 ba, amma ya riƙe kusan farad 200 a giram cikin ruwan asid, albarkacin oksijin. Wasu tsirran kuma surarsu ce jarinsu. A jami'ar Alberta ta Kanada, ƙungiyar David Mitlin ta ɗauki zaren ɓawon wani nau'in wiwi da ake nomawa don igiya da tufafi, wanda ba ya bugarwa, ta dafa shi a rufaffiyar tukunya a digiri 180, ta raraka, ta sami siraran shimfiɗun kabon masu kama da girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Wannan a 2013 ne. Zaren nan ba shi da nisa da na ramar da muke tuƙa igiya da ita. Bayan haka suka koma kan ɓawon gyaɗa, suka raba sashensa na waje da na ciki, kowanne ya zama faifai ɗaya na na'ura guda. Wannan bincike ne na gaske, domin ya tambayi abin da tsiron ya keɓanta da shi.

To in haka ne me ya hana su shiga kasuwa? A ganina abu na farko shi ne yadda ake awo. A ɗakin gwaji akan shafa garin da bai wuce miligiram ɗaya ba a kowane murabba'in santimita, a tsoma shi cikin ruwan KOH ko asid, a auna faifai ɗaya tilo, a sami farad 300 a giram. Masana'anta kuwa tana shafa ninki goma na wannan, kauri mai kai wa kashi ɗaya cikin goma na milimita ko fiye, kuma abin da ayon ya ratsa cikin sauƙi a siririn shafi sai ya cije a kakkaura. Sannan na'ura faifai biyu ce a jere, don haka lambar faifai ɗaya sai an raba ta huɗu kafin a sami ta na'urar a kan jimillar nauyin gawayinta. Ba a nan aka tsaya ba. Gawayin kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na nauyin na'ura, sauran alminiyam ne da takardar da ke raba faifan da ruwa da gwangwani. Gogotsi da Simon sun ja kunne a kan wannan tun 2011. Har yanzu ana yi.

Batun ruwan ya fi wannan nauyi. Ruwan sha yana tarwatsewa ya koma iska a bolt 1.23, don haka na'ura mai ruwan gishiri ko asid ba ta cika wuce bolt ɗaya ba. Ta kasuwa tana aiki da wani gishiri da aka narkar cikin sinadarin asetonaitiril ko makamancinsa, ta kai bolt 2.7. Ƙarfin da ake adanawa kuma yana tafiya ne da bolt sau bolt. Ka ga 2.7 sau 2.7 ya haura 7. Gawayi mai farad 100 a giram a bolt 2.7 ya fi mai farad 300 a bolt ɗaya sau biyu da ɗoriya. Abin dariyar shi ne oksijin ɗin nan da ya ƙara wa gawayi daraja a ruwan asid, a ruwan na'urar kasuwa shi ne annoba. Yana ruɓar da ruwan, ya tara iska, gwangwani ya kumbura, na'urar da aka yi wa alkawarin shekara goma ta mutu da wuri. Masu masana'anta sake gasa garin suke yi don su kore shi. Haka ɗigon ƙarfe ko wani gishiri da ya maƙale a gawayi yana buɗe wa caji ɓarauniyar hanya. Shi ya sa suke neman gawayin da tokarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Nan ne ƙoƙon kwakwa ya yi zarra. Tokarsa kaɗan ce tun asali. Yana da nauyi, don haka gawayinsa yana cika gwangwani da kyau, saɓanin wanda KOH ya rarake har ya zama kamar auduga, ya ci wuri, ya sha ruwa mai tsada. Ramukansa ƙanana ne masu kama da juna. Uwa uba, ana samun sa jibge a wuri ɗaya duk shekara, a Indonesiya da Filifin da Indiya da Siri Lanka, inda masana'antun man kwakwa da garin kwakwa ke fasa dubbai kullum. Wanda ke haɗa na'ura miliyan yana son buhun watan Janairu ya zama daidai da na Agusta. Ɓawon ayaba ba zai ba shi haka ba: ruwa ne mafi yawansa, yana ruɓewa cikin kwana biyu, yana warwatse gida-gida, kuma gishirin da ke cikinsa ya dogara da ƙasar da aka shuka ayabar.

Cikin abin da muke da shi a ƙasar Hausa, buntun shinkafa ne ya fi kusa da cika sharaɗin taruwa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, kuma duk wanda ya bi ta Kura ko ya ga injinan casa na Kano da Kebbi ya san tsibinsa. A bushe yake, ba ya saurin ruɓewa. Matsalarsa toka ce: kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na tokar kuma silika ce, wato sinadarin yashi, wadda ba ta ɗaukar lantarki ko kaɗan. Shi ya sa dabbobi ba sa marmarinsa. Sai dai wannan aibi yana da wata fuska. Silikar a warwatse take cikin jikin buntun, don haka in aka narkar da ita da soda mai kaifi, gurabenta sukan zama matsakaitan ramukan nan da ƙoƙon kwakwa ke da ƙarancinsu. Ruwan da aka wanke ma ba asara ba ne, sodiyam siliket ne, wanda masu sabulu ke saye. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara ba su da wannan yawan silikar, amma ba su da nauyi, kuma a warwatse suke sai inda ake ɓara da inji.

A kuma tuna cewa abin da ɗan birni ke kira shara, a ƙauye yana da mai shi. Kara danga ne kuma makamashi ne, harawa abincin dabba ce mai kuɗi, buntu masu kaji suna shimfiɗa shi, masu turara shinkafa suna hura wuta da shi. Ranar da masana'anta ta fara aiko tirela, ranar zai yi farashi.

Ba ina cewa a daina binciken ba ne. A jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu an yi aiki mai yawa a kan wannan fanni, 'yan Najeriya ma suna ciki. Abin da nake gani shi ne an yi wa tsani hawan ƙawara. Gawayin sufakafasita shi ne matakin ƙarshe a sana'ar rarakakken gawayi, mafi tsada, mafi tsananin sharaɗi, kuma kasuwarsa ƙarama ce in aka gwada da ta tace ruwan sha, tace mai da sukari, da kamo zinare a ma'adinai. Kamfanin Haycarb na Siri Lanka, wanda yanzu yake sayar da gawayin adana lantarki, tun shekarun 1970 yake ƙona ƙoƙon kwakwa don irin waɗancan ayyuka na yau da kullum. A can ne ake koyon riƙe zafin tanderu daidai, da wanke toka, da fitar da buhu dubu iri ɗaya. Gawayin da ya tace ruwan leda a Kano ba sai tokarsa ta gaza kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma mai sayensa yana nan cikin gari.

Ga ɗalibin da ya zaɓi buntu ko ɓawon gyaɗa don digirinsa kuwa, gwajin da zai ba aikinsa ƙima ba shi da wuyar faɗa. Ya sayo 'yan giram na YP-50F, ya kwaɓa shi da nasa a ma'auni ɗaya na baƙin kabon da danƙo, ya shafa su kauri ɗaya a kan alminiyam, miligiram 10 a kowane murabba'in santimita, ya haɗa na'ura mai faifai biyu, ya riƙe su a bolt 2.7 cikin zafin digiri 60 ko 65 na ɗaruruwan awanni, kamar yadda masana'anta ke yi. Sannan ya maimaita da buntun damina da na rani, na Kura da na Argungu, ya ga ko lambar za ta tsaya wuri ɗaya.